Masu Waiwaye a Tashar Nyanya

Tun da na dawo daga Abuja matan ajinmu na Islamiyya suka hana ni sakat. Wannan ta ce in ba ta labarin tituna, waccan ta ce wai gaskiya ne ruwan famfo ba ya ɗaukewa, Hajiya Asabe kuwa abin da ya dame ta kawai ko na ga shugaban ƙasa. Ban gan shi ba, Hajiya, shi ma bai gan ni ba, mun tashi canjaras. Na gaji da maimaita magana har maƙogwarona ya bushe, shi ya sa na zauna na rubuta, tunda koyarwar firamare ko ba ta bar mini komai ba ta bar mini iya riƙe biro. Duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Kafin mota ta tashi sai na faɗi abin da ya kai ni. Ɗan farina ne a can. Sunansa ba ya fita a bakina, kamar yadda na taso na ga mahaifiyarmu ba ta faɗin na babban yayanmu. Ana yaye shi Inna, wato surukata, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, amma a wurinta ya girma, ita ke masa wanka, ita ke masa faɗa, ita ke tsayawa a bakin zaure ta ƙwala masa kira idan tuwo ya sauka. Ni Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannena suna faɗa. Idan na ajiye masa tsokar nama sai in ce wa ƙanwarsa Maryam, "Kai wa yaron nan." Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma duk Malumfashi da ita ake yabona.

Ya yi karatun zane-zane a Zariya ya wuce Abuja. Da Inna ta rasu ya zo, aka yi zaman makoki da shi, ya koma. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, sai dai ya bugo wayar Maryam, ni kuma in ce mata ta ce masa muna lafiya. Rannan Maryam ta kashe waya ta dube ni ta ce, "Umma, wai ya gama wani aiki ana nuna shi a tashar Nyanya. Turawa sun gani suna so ya tafi da shi ƙasarsu, ya ce in ya tafi wataƙila ya zauna can. Ya ce ko za ki iya zuwa ki gani."

Ranar tuwo bai wuce mini ba. Na rasa miji, na rasa suruka, duk na haƙura don na san inda suka tafi. Amma in rasa ɗa yana da ransa, wannan ban shirya masa ba. Na ce wa Maryam ta ce masa ina nan tafe.

Bayan asuba muka tashi a wata tsohuwar fijo. Na haɗa tsaraba irin ta uwar da ba ta iya magana ba: daddawa, kuka, dambun nama, man shanu a galan. Na kuma naɗe ɗan kwanon shan Inna a cikin ɗankwali na sa a jakar hannu, wanda take dama masa fura a ciki tun yana rarrafe. Ba mu kai Funtuwa ba daddawa ta fara gabatar da kanta. Wani saurayi mai kwat a kujerar gaba ya toshe hanci ya ce, "Direba, wani abu ne ya mutu a but ɗinka?"

Na ce, "Abin da aka raine ka da miyarsa ne, ɗan nan."

Mota ta kwashe da dariya, har direba ya buga sitiyari. Kusa da ni akwai wani Alhaji Bakatsine mai shagon yadi a kasuwar Wuse, shi ya ɗauki nauyin wayar mini da kai tun daga Zariya har Kaduna ba tare da na roƙe shi ba. Ya ce in na ga titi fayau kada in tsallaka, gada ake hawa. Ya ce kada in tsaya kallon gini, za a gane baƙuwa ce. Ya ce kuma kada in yi wa kowa sallama sai wanda na sani. A nan ne na ce masa, "To Alhaji, ta yaya ake sanin mutum a garin?" Ya sosa ƙeya ya ce shi dai duk waɗanda ya sani tun daga Katsina ya san su.

A Tafa muka tsaya salla da cin abinci. Wata mata mai zanen atamfa har ƙirji ta sayar mini da gasasshiyar doya da manja mai yaji, na ci hawaye na zuba, ban kuma bar ko ɓarɓashi ba. Da muka kusa, aka nuna mini Dutsen Zuma aka ce in duba da kyau akwai fuskar mutum a jiki. Na duba. Ni dai fuskar wanda aka tasa daga barci na gani.

A Zuba direba ya kashe mota ya ce nan ne iyakarsa, irin motarsa ba ta shiga gari, in ya shiga masu kaki za su ja ta. Na taɓa tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi ta'aziyya, wallahi ban ji na bar ƙasata ba kamar yadda na ji a Zuba. Da aka buɗe but sai ga aika-aika: man shanuna ya narke ya bi ta murfi ya jiƙa gefen jakar mai kwat. Na rasa inda zan sa kaina, na shiga ba shi haƙuri. Ya ɗaga jakar ya sunsuna, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Bar shi, Hajiya. Ƙamshin ɗakin kakata ne." Ya rataya abarsa ya shige cikin mutane, ban ko tambayi garinsu ba.

Ina ɗaure bakin galan na ga ƙafafu sun tsaya a gabana, mai su ya durƙusa. Yaron nan ne, ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da gefen ido na gani, don ban dube shi ba, shi ma ƙasa yake kallo.

"Yaya, an zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?" Galan nake tambaya.

"Alhamdu lillahi. Ya su Maryam?"

Gaisuwar uwa da ɗa ke nan bayan shekaru. Ya kwashi kaya muka shiga koriyar tasi, shi gaba ni baya. Tituna shimfiɗa-shimfiɗa, an share su tas, fitilu a jere, furanni a tsakiya, amma ban ga mai tafiya a ƙasa ba, babu mai shayi, babu yara, babu ko akuya. Na kasa daurewa na tambayi direba ina mutanen garin. Ya ce, "Suna cikin mota, Hajiya."

Gidan Hajiya Rabi ya kai ni a Gwarimpa, 'yar ƙanin mijina ce, tana aiki a wata ma'aikatar tarayya. Ya ce ɗakinsa bai dace da ni ba. Kafin ya tafi ya ajiye wata 'yar waya a hannun kujera ya ce wa Rabi, "Ki ba Yaya, lambata na ciki." Ni ma na ce wa Rabi ta ce masa an gode. Rabi ta dube ni ta dube shi, ta ce, "Ikon Allah. Ni tafinta ce yau?"

Rabi ta karɓe ni hannu bibbiyu, ba zan ci amanarta ba. Ɗaki guda ta ba ni da banɗakinsa a ciki, da famfo biyu, na murɗa na hagu zan yi alwala ya kusa sale mini fata. Sai dai gidan shiru kamar an yi gobara an tashi. Da sassafe ita da mijinta su fice, motar makaranta ta kwashe yara, a bar ni da firji yana gurnani. Da yamma kowa ya ɗauki farantinsa na taliyar leda da ƙwai ya fuskanci talabijin. Na yi musu miyar kuka rannan, yaran suka leƙa tukunya suka tambayi uwarsu ko magani ne.

Kun san halina, ba na iya zama ban san wa ke bayan katanga ba. Na yi dambu na zuba a kwano na rufe, na yafa mayafi na nufi gidan da ke maƙwabtaka. Ƙofar ƙarfe, waya mai ƙaya a sama, kare yana haushi kamar na zo sata. Na yi sallama, na sake yi. Sai wani ɗan akwati a jikin bango ya yi magana da muryar mace, da Turanci, sannan da Hausa: "Ba ma neman mai aiki." Na ce maƙwabciya ce, dambu na kawo. Akwati ya yi shiru. Na tsaya har kwanon ya fara ƙona mini hannu, na juyo da abina. Mai gadin Rabi, wani dattijo daga wajen Abaji, shi ya cinye, ya ce rabonsa da dambu tun bikin 'yarsa. Da Rabi ta dawo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Umma, tun da muka tare a nan ban san sunan matar ba." Na taya ta dariya. Da na shiga ɗaki kuwa sai na zauna a bakin gado na ji kewar ƙofar gidana, inda ko tsintsiya ka ɗauka sai an tambaye ka kwanan yara.

Ranar da zan ga aikin, da kansa ya zo ya ɗauke ni. Mun daɗe a cunkoson hanya, motoci sun cushe kamar awaki a ƙofar garke. Muna sauka Nyanya na ce a raina, ashe nan aka ajiye mutanen garin. Ga su nan dubu bisa dubu, masu ƙulla wuya da masu tura baro, mata da takalman ofis a leda suna sauri da silifas, kwandastoci na ihu, masu masara na fifita wuta. Kowane yare na duniya yana tashi. Amma na lura da abu ɗaya: kafaɗa na gugar kafaɗa, ido ba ya haɗuwa da ido. Kowa kansa a ƙasa, ko a waya.

Na zaci zan ga hotuna a jikin bango. Abin da na tarar 'yar rumfa ce a gefen tasha, da benci, da makirfo a kan sanda. Sai wasu ƙananan lasifika kamar gwangwanin madara an rataye su nan da can, a jikin turakun wuta, a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, a bishiyar da masu jiran mota ke fakewa. Wata mata gajera mai faɗin murmushi ta taro ni. Ladi sunanta, Bagwariya ce daga Karu, tare suka yi aikin, ita ta san harkar na'urorin. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Mama, sannu da zuwa o! Ka zauna, ka sha ruwa. Bari in gaya maka yadda abin yake."

Ta ce duk mai wucewa da ya ga dama zai zauna a bencin ya kira sunan wani da yake kewa. Ba jawabi, ba gaisuwa. Kira kawai, yadda zai kira shi in suna gida ɗaya, daga madafa ko daga bakin ƙofa. Su kuma su ɗauka, su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya ta lasifikan nan, ba da ƙarfi ba, daidai yadda zai zo wa mutum ta bayan kunne.

Na ce a raina, wannan ne abin da aka yi karatun jami'a dominsa? A fili kuwa na ce, "A wurinmu ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba. Ba ka san me ke kiranka ba."

Ladi ta tafa hannu. "Haka ma a wurinmu, Mama! Babu wanda yana amsawa. Juyawa kawai suna yi. Ka duba ka gani."

Na duba. Muryar wata tsohuwa ta fito daga bishiya, "Ngoziii!" Mata biyu suka waiwaya a firgice, ɗaya da tire a ka, ɗaya da jakar ofis. Ba su ga mai kira ba, sai suka ga juna. Mai tire ta nuna ƙirjinta, ta ofis ma ta nuna nata, suka yi murmushi, kowa ta wuce. Can muryar wani namiji, da jin ta ka san daga gona yake kira, "Musa! Kai Musa!" Wani mai baro ya tsaya cak, wani mai farar riga da ƙulla wuya ma ya tsaya. Mai baro ya ce, "Oga, kai ma?" Suka yi musabaha suna dariya, har na farar riga ya riƙe masa baro ya hau tudu. Fuskar mutum a lokacin da ya ji an kira shi da muryar gida, kafin ya tuna inda yake, wannan ita ce abin kallon. Takan koma ta yaro. Shi kuwa mai aikin yana tsaye a gefe da kyamara, wani lokaci ya ɗauka, yawanci ya tsaya kallo kawai.

Ina zaune wata mai sayar da kunu ta ajiye bokitinta ta hau bencin. Ta ce tun da aka yi rusau a Karmo ba ta san inda maƙwabciyarta ta koma ba, wadda suka yi shekaru suna aron gishiri. Ta gyara murya ta kira, "Maman Tabita!" Ta sake kira. Sannan ta share ido da bakin zane, ta ɗauki bokiti ta ci gaba da tallarta. Tun daga nan na daina ganin abin shirme ne.

Ban ankara ba sai ga wata murya daga turken da ke saman kaina. Inna ce. Muryar Inna da na wanke gawarta da hannuna, da 'yar shaƙewar nan tata ta masu cin goro, tana jan sunan nan da ba na faɗa, tana jansa yadda take yi a bakin zaure idan tuwo zai huce. Na yi salati. Na kai idona wurinsa, karo na farko da na dube shi sosai a garin nan. Ya waiwaya. Shi ya ɗauki muryar, shi ya rataye lasifikar, ya san babu kowa a wurin, amma sai da ya waiwaya.

Ladi ta zauna kusa da ni ta rage murya. "Kullum haka yana yi. A kaset ya ɗauka, lokacin da ya je hutu, tsohuwa bai sani ba. Da wannan murya ya fara aikin duka. Ya ce tun da tsohuwa ya mutu, in ya je gida babu wanda yana kiransa. Kowa yana gaishe shi, amma babu mai kira."

Me zan ce wa 'yar mutane? In ce mata ni na fi kowa sanin sautin tafiyarsa tun daga lungu? In ce mata tsokar da yake samu a ƙasan tuwo ba Inna ke sawa ba?

Sai ta miƙe da murnarta ta jawo makirfo. "Mama, yanzu kai ne. Abeg, ka kira ɗanka sau ɗaya, mu sa a ciki."

Kafin in buɗe baki ya iso. "Ladi, bar ta. Ba a yi a wurinmu." A hankali ya faɗa, ba fushi, kare ni yake yi. Wallahi da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Na ce a bari, zan yi. Na matsa gaban makirfo. Sunan ya taso ya tsaya a maƙoshi kamar ƙashin kifi. Idon mahaifiyarmu nake gani, da na Inna, da na duk matan da suka taɓa cewa wance akwai kunya. Na buɗe baki na ce, "Maryam!"

Maryam da na baro jiya-jiya tana tsefe kai, wadda ba ta rasa mai kiranta ko na minti ɗaya. Ladi ta ce, "Ya yi kyau, Mama," ba ta dube ni ba. Shi kuma ya ce, "An gode, Yaya," ya sunkuya yana naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi.

Da la'asar ya kai ni na ga ɗakinsa a wani lungu a bayan tasha. Katifa a ƙasa, wayoyi, hotunan fuskokin masu waiwaye sun rufe bango. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya. Na jera masa daddawa da kuka da abin da ya rage na man shanu, duk da ban ga tukunyar da zai dafa ba. Na dubi taga na ce, "An ce akwai maganar tafiya."

"Ana kan yi. Sun ce in ba su amsa."

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

"Amin."

Abin da na taso tun daga Malumfashi in faɗa shi ne kada ka tafi. Da shi na koma Gwarimpa a cikina. Sauran kwanakin na yi su ni da firji, wayar da ya ba ni tana kan tebur, ban taɓa ta ba, ita ma ba ta yi ƙara ba.

Ranar komawa daga tashar Nyanya ya samo mini motar Funtuwa, ya ce ya san direban. Da hantsi ne, tasha ta cika maƙil, lasifikan nan suna ta kiran mutanen da ba sa nan. Ya sa ni a gefen taga, ya gyara mini jaka a ƙafa. Da mota ta cika ya rusuna ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya. A gaida su Maryam." Na ce wa bayan kujera amin. Ya juya ya tafi.

Direba ya tayar da mota. Na sa hannu a jaka neman carbi sai na taɓo ɗankwali mai tauri. Kwanon Inna. Duk zaman nan ban samu fuskar da zan miƙa masa ba. Na leƙa ta taga, ga bayansa can yana nitsewa cikin mutane, wuyan rigar nan da ya yi masa yawa. Na ce, "Kai!" Na ce, "Yaron nan!" A tashar da yara suka fi ƙasa yawa, wa zai juyo? Mota ta fara gangarawa. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Hajiya, ki kira sunansa mana, zai ɓace miki."

Zai ɓace miki. Ita maganar tasha take yi. Ni kuwa na ga jirgi, na ga ƙasar da ban san sunan garuruwanta ba, na ga tsufana ina aika gaisuwa ta bakin Maryam har in mutu. Ban san lokacin da na fitar da kaina ta taga ba.

"Haruna!"

Muryar ta fito a karce, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na sake, wannan karon na ja shi yadda Inna take ja. "Haruuuna!"

Mutum uku ko huɗu suka waiwaya suna kallon turken wuta. Shi ma turken ya fara kallo. Sai ya tsaya cak, bayansa gare ni. Duk muryoyin da ke cikin na'urar nan ya san su ɗaya bayan ɗaya, wannan kiran ba ya ciki. Ya juyo a hankali. Fuskar nan da na ga yana farauta a fuskokin mutane, ita na gani a tasa, ta yaron da ke rarrafe ya nufo ɗakina Inna ta sure shi. Idonmu ya haɗu. Wata doguwar bas ta shiga tsakaninmu, motarmu ta hau titi.

Na ja mayafi na rufe fuskata. Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa, kuka kuma ya ƙi tsayawa. Matar nan tana ta ba ni haƙuri, ta zaci kwanon nake wa kuka. Babu makirfo, Ladi ba ta kusa, babu wanda ya ɗauka. Sau ɗaya a rayuwata na yi, kuma iska ta tafi da shi.

Mun wuce Zuba, mun bar Dutsen Zuma a baya, sai wani abu ya fara kuka a jakata. Na rasa ko mene ne sai da matar ta ce wayata ce. Ita ta danna mini ta kara mini a kunne. Na ji hayaniyar tasha, na ji numfashi.

"Na'am, Umma."

Na riƙe bakina da mayafi. Da na samu murya na ce, "Kwanon Inna ne. Na manta ban bayar ba."

Ya ce, "A ajiye mini. Zan zo in ɗauka da kaina."

To Hajiya Asabe, abin da na gano a Abuja ke nan. Titunan suna da faɗi, ruwan yana ɗaukewa wani lokaci, maganar Turawa kuma ban san inda ta kwana ba, ban tambaya ba. Wadda za ta ce Malama ta zubar da kunya a tashar mota har ta rubuta a takarda, ta faɗa, na ji. Kwanon yana kan kabad a ɗakina, na wanke shi na kife. Geron fura ma na sa an surfa.